Daga Azawak zuwa Amurka: mi ya sa kiɗan Mdou Moctar bai tsufa ba?

A filinmu na wanga sati za mu taɓo zancen kiɗan da Turawa ke kira rok, da wani ɗan jahar Tawa da ya kai shi inda ba a zata ba.

A Ingila, cikin shekarun 1970, an yi yayin makaɗa irin su David Bowie da T. Rex, masu hawa dandamali da tufa mai ƙyalƙyali da kwalliya a fuska. Bayansu wasu suka zo, irin su The Cure, da baƙaƙen kaya da kwalli da waƙoƙin ɓacin rai. Ɗaruruwan samari sun kwaikwayi shigar, amma kaɗan ne ake tunawa da su yau. Tufa tana jawo ido, amma waƙa ita ke tsare kunne.

To, mu dawo gida. Mahamadu Sulaimanu, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga yankin Abalak da Cintabaradan. Gidansu ba su son kiɗa, saboda haka ya haɗa gitarsa ta farko da kansa, da katako da wayoyin birkin keke, yana koyi da marigayi Abdallah Umbadugu. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa har yau.

A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya tallata shi. Waƙoƙin sun bi hanyar da haja ke bi: daga salula zuwa salula, daga tasha zuwa tasha, har arewacin Mali. Can ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya sa ɗaya a faifan da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma yi ta cigiyar mai ita har ya same shi. A 2015 suka fitar da fim a Agadas cikin harshen Tamajak, bisa tsarin Purple Rain na Prince, wanda shi ma gwanin ado ne a dandamali.

Daga nan tafiya ta miƙe. Tare da Ahmudu Madasan a gita ta biyu da Ba'amurke Mikey Coltun, ƙungiyar ta fitar da Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024, biyun ƙarshe a kamfanin Matador na Niyok. Juyin mulkin Yulin 2023 ma a Amurka ya iske su suna wasa, sai da suka daɗe kafin hanyar gida ta buɗe.

Mi ya riƙe masu saurare tsawon waɗannan shekaru? A ganinmu abu uku ne. Na farko, rawani da babbar rigar da yake sawa ba kayan wasa ba ne, su ne suturar iyayensa. Yayi ba ya kashe abin da ba yayi ya haifa ba. Na biyu, a wajen buki ya koyi sana'ar, inda in kiɗa bai tada mutane rawa ba, ba wanda zai sake kiranka. Na uku, bai sauya harshe don neman kasuwa ba. Da Tamajak yake waƙa, yana faɗin abin da mulkin mallakar Faransa ya bari, da haƙƙin mata, da tsoron kada harshensa ya ɓace. Bature bai jin kalmomin, amma yana jin zafin da ke cikinsu.

Sai dai akwai abin dubawa. Sakkwato ta ɗauki muryarsa, Amurka ta buga faifansa, mu kuwa muka saurara kyauta. Ga shi tun 1987 ƙasar nan ke da gasar Ɗan Gurmu, mai ɗauke da sunan shahararren makaɗin Tawa. Amma kyautar rana guda ba ta ciyar da makaɗi shekara. Ƴan kasuwarmu da ke zuba jari a albasa da siminti, shin sun taɓa lissafin abin da ɗakin ɗaukar waƙa mai kayan kirki zai kawo? Ma'aikatan da ke kula da al'adu kuwa, wane tanadi suka yi don yaron da ke ɗaure wayar keke a katako yau, a Abalak ko Illela? Kuma mai buki da ke ciniki da makaɗi kamar yana sayen gawayi, ya tuna cewa wanda ya raina a ƙofar gidansa, wasu na bin layi su biya don ganinsa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mdou bai bar gida ba. Saura gida ya san darajar nasa tun kafin baƙo ya faɗa masa.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.