Sharhi: A Sokode da Dapaong, tun wurin haɗa jerin 'yan takara ake cin zaɓen kansila

Ranar 15 ga watan Agustan 2019, masu zaɓe a ƙananan hukumomi biyar na ƙasar Togo sun fita rumfunan zaɓe su kaɗai, wata ɗaya da rabi bayan sauran jama'ar ƙasar sun kammala nasu. A uku daga cikinsu, wato Oti-Sud 1 da Bassar 4 da Avé 2, an ɗage zaɓen 30 ga watan Yuni ne saboda matsalolin tsari. A sauran biyun kuwa, Wawa 1 da Zio 4, Kotun Ƙoli ce ta soke sakamakon. Bassar ba ta da nisa da Sokode, ita kuma Oti-Sud tana jihar Savanes ɗaya da Dapaong, don haka mutanen arewacin ƙasar sun ga wannan zagaye na biyu da idonsu.

Sai dai irin wannan dama ba ta cika samuwa a Togo ba. Mai karatu da ya saba da siyasar Najeriya ya san cewa idan kansila ya rasu ko ya sauka, akan shirya zaɓen cike gurbi a mazaɓarsa, 'yan takara su sake fitowa, jama'a su sake zaɓa. A Togo ba mutum ɗaya ake zaɓa ba. Kowace jam'iyya ko ƙungiyar 'yan takara masu zaman kansu tana gabatar da jerin sunaye, mai zaɓe ya dangwala wa jerin gaba ɗaya, sannan a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu, a fara daga sunan farko a gangaro. Idan kujera ta faɗi, wanda ke biye a jerin ne ke hawa ba tare da an sake jefa ƙuri'a ba. Ke nan abin da aka shuka ranar zaɓe shi za a girba har shekara shida, tsawon wa'adin kansila.

Kujerar da aka raina

Shekaru 32 Togo ta yi ba ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi ba, daga 1987 zuwa 2019. Tun daga 2001 kwamitocin riƙo da gwamnati ta naɗa daga Lome ne ke tafiyar da garuruwa. Matashin da aka haifa a Sokode a 1990 sai da ya kusa cika shekara 30 kafin ya ga magajin garin da ya fito daga akwatin zaɓe. Wannan ne ya sa har yanzu mutane da yawa ke ɗaukar kansila a matsayin ɗan ƙaramin ma'aikaci marar ta cewa.

Amma lissafi ya canza. Ƙasar na da ƙananan hukumomi 117 da kujerun kansiloli 1,527, kuma kansilolin nan ne ke zaɓen magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Bayan haka, sabon kundin tsarin mulkin watan Mayun 2024 ya mayar da ƙasar tsarin majalisa. A ranar 15 ga watan Fabrairun 2025 kansilolin ƙananan hukumomi da na jihohi ne suka zaɓi sanatoci 41 daga cikin 61 na majalisar dattawa, sauran 20 kuma naɗa su aka yi. Jam'iyyar UNIR mai mulki ta samu 34 daga cikin 41 ɗin. Sanatocin nan tare da 'yan majalisar dokoki ne suka zaɓi Jean-Lucien Savi de Tové a matsayin shugaban jamhuriya ranar 3 ga watan Mayun 2025, ranar da Faure Gnassingbé ya yi rantsuwar kama sabon muƙaminsa na shugaban majalisar ministoci, inda ainihin iko yake. Talakan Togo ba ya zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye yanzu, don haka ƙuri'ar da ya ba kansila tana kaiwa har Lome.

A zaɓen 17 ga watan Yulin 2025, UNIR ta kwashe kimanin kashi uku cikin huɗu na kujerun, sama da abin da ta samu a 2019. 'Yan adawa na cewa filin ba daidai yake ba, tun daga kuɗin kamfe har zuwa rawar da jami'an gwamnati ke takawa, jam'iyya mai mulki kuma na cewa aikinta ne jama'a suka gani. Ko ma wane ɓangare mutum ya bi, akwai darasin da garuruwan nan biyu na arewa ke bayarwa.

Sokode: ribar ƙauracewa da asararta

Sokode, babban birnin jihar Tsakiya, gari ne na Kotokoli da akasarinsu Musulmi ne. Ya bunƙasa a kan tsohuwar hanyar fataken goro da ta haɗa ƙasar Hausa da Gwanja, kuma unguwanni irin su Didaoure da Zango shaida ce ta wannan tarihi. A tsarin yanzu birnin shi ne ƙaramar hukumar Tchaoudjo 1.

A wannan gari ne guguwar 19 ga watan Agustan 2017 ta fi ƙarfi, lokacin da jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam ta fito da dubban mutane kan tituna suna neman a koma ga kundin tsarin mulkin 1992. A watan Oktoban shekarar, kama wani limami na kusa da jam'iyyar ya haddasa tarzoma da asarar rayuka, aka jibge jami'an tsaro a garin. Daga baya Atchadam ya ɓace daga idon jama'a, gamayyar 'yan adawa ta ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa na Disamban 2018, ita kuma PNP ta ƙi shiga zaɓen ƙananan hukumomi na 2019.

Hujjar masu ƙauracewa a bayyane take: da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ganinsu shiga zaɓen da ba su yarda da alƙalansa ba halatta shi ne. Amma a tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u, ko jerin da bai yi nasara ba yana iya shigar da mutum biyu ko uku majalisar gari, su ga kasafin kuɗi, su yi tambaya a kan kwangila, su fito su faɗa wa jama'a. Wanda bai gabatar da jeri ba ya rasa wannan, kuma babu zaɓen cike gurbin da zai ba shi damar gyara. Jam'iyyar ANC ta bi wata hanya dabam a 2019: ta shiga, kuma jagoranta Jean-Pierre Fabre ya zama magajin garin Golfe 4 a tsakiyar Lome.

Dapaong: kamfe a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci

Idan aka bi babbar hanya mai lamba ɗaya daga Sokode zuwa arewa, ta Kara da Mango, sai a isa Dapaong, hedikwatar jihar Savanes, wadda ita ce ƙaramar hukumar Tône 1, daf da iyakar Burkina Faso. Nan matsalar ta bambanta. A watan Nuwamban 2021 aka kai hari na farko a yankin Kpendjal, sannan a watan Mayun 2022 aka kashe sojoji takwas a Kpékpakandi, harin da ƙungiyar JNIM ta ɗauki alhakinsa. Tun watan Yunin 2022 jihar ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro, ana sabunta ta lokaci bayan lokaci.

Wannan yanayi yana shafar neman ƙuri'a ta hanyoyi biyu. Na farko, babban taro da tafiya ƙauyukan kan iyaka ba abu ne mai sauƙi ba, kuma wanda ke da motoci da kusanci da hukuma shi ke da rinjaye. Ƙananan jam'iyyu, har da ADDI ta Farfesa Aimé Gogué wadda ke da tushe a jihar, sai su dogara da bi gida-gida da ranakun kasuwa da gidajen rediyon gari. Na biyu, mutanen da rikici ya raba da ƙauyukansu sun ƙara wa garuruwa nauyi a kan ruwan sha da ajujuwa da asibiti. Ɗan takarar da ya yi alkawarin kawo tsaro ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa, domin wannan aikin soja ne da gwamnatin tsakiya. Abin da ke hannun kansila shi ne rijiyar burtsatse, da rumfar kasuwa, da takardar haihuwar yaron da aka haifa a gudun hijira.

Tun ran gini, tun ran zane

Mako biyu doka ta ware wa yaƙin neman zaɓe. A kwanakin nan ne ake ganin jerin gwanon 'yan babur da ake kira zemijan, da riguna masu hoton jam'iyya, da ziyarar sarakuna da limamai. Hoton wanda ke kan gaba a jerin shi ake liƙawa a bango. To amma kafin a buga ganga ta farko an riga an yanke babban hukunci a ofishin jam'iyya, wato wa zai zo na biyu, wa zai zo na goma sha biyar.

Nan ne mazauna zango ke yawan yin asara. Akan ɗauko ɗan unguwa mai farin jini, ɗan kasuwa ko shugaban matasa ko uwar ƙungiyar mata, a sa sunansa can ƙasan jeri domin ya jawo ƙuri'un mutanensa. Unguwa ta fito ƙwai da kwarkwata, jerin ya ci kujeru, amma ba a kai ga sunansa ba. Haka lamarin mata yake: ana rage musu kuɗin ajiyar takara zuwa rabi, amma rangwamen ba ya tabbatar musu da gurbin da ake ci. Akwai kuma batun takardu. Neman takara na buƙatar takardar shaidar zama ɗan ƙasa, abin da ke wahalar da wasu iyalan zango da kakanninsu suka zo fatauci ba su yi rajistar haihuwa ba, sannan da Faransanci ake gudanar da aikin majalisa, wanda hakan ke rage damar wanda ilimin allo kaɗai ya yi.

Alhali kuwa waɗannan mutane su ne suka fi hulɗa da ofishin magajin gari. Mahauci da ke biyan kuɗin mayanka, dillalin shanu a kara, direba a tasha, mai rumfa da ke yankar tikiti kowace ranar kasuwa, duk kuɗinsu na shiga asusun ƙaramar hukuma, ban da tallafin da gwamnati ke turowa ta asusun FACT. Tun watan Janairun 2022 takardar haihuwa ta zama kyauta a Togo, kuma ofishin magajin gari ne ke bayar da ita. Gaskiya ne ikon majalisar gari na da iyaka, tun da prefe da gwamnati ta naɗa yana sa ido a kan shawarwarinta. Duk da haka, rabon rumfuna da kwasar shara da gyaran magudanar ruwa a can ake yanke su.

Maƙwabta ma abin dubawa ne. A Burkina Faso an rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwa a 2022, a Nijar kuma a watan Afrilun 2024, aka maye gurbinsu da waɗanda hukumomin soja suka naɗa. Togo ta ɗanɗana irin wannan na tsawon shekaru, kuma yanzu tana da majalisun da ke da wa'adi har zuwa 2031.

Saboda haka aikin da ke gaban ƙungiyoyin 'yan kasuwa da matasa da mata a Sokode da Dapaong ba na makonni biyu ba ne. Zaman majalisar gari a buɗe yake ga jama'a, kuma ana iya zuwa a ji yadda ake tattauna kasafin kuɗi. Ana iya fara neman takardun 'yan ƙasa ga matasan da ake son tsayarwa tun yanzu. Idan kuma lokaci ya zo wata jam'iyya ta turo wakili unguwa neman goyon baya, tambayar farko da ta kamata dattawa su yi masa ita ce: ɗanmu na nawa ne a jerin, kuma kujeru nawa kuka ci a nan a zaɓen da ya wuce?