Kafin Ka Ɗauki Biro, Ka Nemi Tabarmar Tsohuwa

A wannan makon ina so mu tattauna kan bincike, domin a ganina shi ne babban raunin sababbin marubutanmu. Za ka ga mutum ya rubuta labarin ƙauye babi ashirin, amma bai taɓa zama da manomi ya ji yadda ake jinginar da gona ba. Da an ce bincike sai ya ce wannan aikin 'yan jami'a ne.

Mu da ke Beli da kewaye muna da misali a maƙwabta. Littafin Baba of Karo, wanda ya fito a 1954, tarihin rayuwar wata tsohuwa ce da ta tashi a Karo, kusa da Zarewa, nan cikin ƙasar Rogo. An haife ta wajajen 1877, ta rasu a 1951. Wata Baturiya, Mary Smith, ita ce ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa, daga baya ta mayar da shi Turanci. Har yau masu nazarin rayuwar Hausawa a duniya suna komawa gare shi. A cikin wannan aiki akwai ginshiƙan binciken zamantakewa da kowannenmu zai iya ɗauka.

Da farko, ka san abin da kake nema. "Tarihin garinmu" ya yi faɗi, ba inda za ka kama. Amma idan ka ce kana son sanin yadda lefe ya sauya daga zamanin kakarka zuwa na ƙanwarka, to ka samu tambayar da za a iya amsawa.

Sai kuma wanda za ka tambaya. Mijin Mary, wato M. G. Smith, shi ne masanin da ya zo bincike, shi ya rubuta Government in Zazzau. Amma namiji ne, ba shi da hanyar shiga cikin gida wurin matan kulle. Da abin ya tsaya a zaure, da ba a ji labarin kishiyoyi, ƙawance, goyon ciki da aikin ungozoma daga bakin mace ba. Kai ma idan dagaci da liman kaɗai ka tambaya, rabin gari ka ji. Ka nemi mai koda, mai ƙosai, maƙeri, da matashin da ke tafiya cirani.

Na uku shi ne haƙurin sauraro. Makonni aka ɗauka ana zama da Baba, shi ya sa ta kai ga labarin harin kama bayi, da zaman rinji, da zuwan Turawa kamar yadda ta gani. Zama ɗaya gaisuwa ce kawai. Kuma ka guji tambayar da ke ɗauke da amsarta. Idan ka ce wa tsoho "ai da can an fi zaman lafiya ko?" zai ce maka "ƙwarai" don kunya. Ce masa ya ba ka labarin yadda ake raba rigimar manomi da makiyayi a lokacin ƙuruciyarsa, sannan ka yi shiru.

Na huɗu, tantancewa. Tsohuwa na iya mantuwa, dattijo na iya kare martabar gidansu. Abin da ka ji a baki ɗaya, ka gwada shi da baki biyu ko uku da ba su haɗa dangi ba. Abin da za a iya ƙirgawa kuwa, ka ƙirga. Haka Polly Hill ta yi a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967: ta bi gidajen manoma da gonakinsu ɗaya bayan ɗaya, ta nuna akwai tazara mai faɗi tsakanin mai hali da marar hali a cikin ƙauye guda, saɓanin masu zaton talaucin karkara duk bai ɗaya ne.

Na ƙarshe, amana. Ka nemi izini kafin ka kunna rikodar waya, ka faɗi abin da za ka yi da maganar, ka sakaya sunan wanda sirrinsa zai iya jawo masa abin kunya. Ka rubuta rana da wurin kowace hira.

Wani zai ce shi ƙagaggen labari yake rubutawa, ina ruwansa da wannan wahala? Mai karatu na gane marubucin da ya san abin da yake faɗa tun daga shafin farko, kuma ƙirƙira ba ta tsayuwa sai an kafa ta a kan sani.

Tsofaffin da suka ga zamanin kuɗin sule da sisi da harajin En'e suna ta ƙarewa, kowannensu yana tafiya da abin da ya sani. Aikin wannan makon: kowa ya zaɓi tambaya ɗaya, ya zauna da mutum uku, ya kawo mana abin da ya samo. Allah ya ƙara mana basira.