Ƙazamin Ruwan Funtuwa da Malumfashi: Ina Yake Zuwa?

Ba kowa ne ya san cewa Gulbin Sakkwato daga ƙasar Funtuwa ya faro ba. Daga nan yake gangarawa ya ratsa Gusau, ya cika madatsar ruwa ta Bakolori wadda aka gama a 1978, ya haɗu da Rima a Sakkwato, kana ya zuba a Kwara. Watau duk ƙazantar da ta sulale daga kwatocin wannan yanki da damina, akwai mai jiranta a gaba, ko manomin rani, ko makiyayi, ko masunci.

Funtuwa da Malumfashi, kamar yawancin garuruwan ƙasar nan, ba su da bututun ƙarƙashin ƙasa na kwashe ƙazamin ruwa. Ruwan wanka da na wanke-wanke lambatu yake bi. Jinin mayanka da ruwan marina su ma haka. Masai kuwa idan ya cika sai a kwashe a kai bayan gari, ruwan sama na farko ya kore shi zuwa rafi. Alhali kuwa Funtuwa da madatsun Mairuwa da Gwaigwaye ta dogara wajen ruwan sha, madatsa kuma ba ta tara kome sai abin da rafi ya kawo mata.

Wannan yanki ya riga ya ga ishara. Bayan da aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, an gina ƙananan madatsun ruwa a ƙauyuka. A cikin waɗannan shekaru ne likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Libaful ta Ingila suka yi bincike a ƙasar Malumfashi a kan cutar tsargiya, suka lura da yadda jama'a ke shiga madatsar Ruwan Sanyi. Hanyar cutar a fili take: mai ciwo ya yi fitsari a ruwa, ƙwayar cutar ta shiga dodon-koɗi ta girma, ta fito ta huda fatar yaron da ya zo iyo. Sa'an nan a 2021 kwalara ta hallaka mutane fiye da 3,000 a Nijeriya, Jihar Katsina tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

To, mene ne magani? Sau da yawa hukumomi sukan fake da cewa injunan tace ƙazamin ruwa suna da tsada, ga rashin wutar lantarki. Amma akwai hanya mai sauƙi, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi amfani da ita a Samaru, wato tafkunan tacewa. Akan haƙa tafki uku a jere. A na farko mai zurfi dauɗa take kwantawa ta ruɓe. A na biyu gansakuka da ƙananan halittu suke cinye ragowar. A na uku, wanda ba shi da zurfi, zafin rana yake kashe ƙwayoyin cuta. Cikin 'yan makonni ruwan ya isa a yi ban-ruwa da shi. Fili da rana kawai ake bukata, Allah kuwa ya hore wa wannan yanki duka biyun.

Nauyin ba ɓoyayye ba ne. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin kawar da shara da ƙazamin ruwa. Lalle ne majalisun Funtuwa da Malumfashi su keɓe fili tun gari bai cinye shi ba, nesa da madatsun ruwan sha, su tilasta wa masu kwasar masai su zuba a can kaɗai, mayanka kuma ta sami ramin tace jini nata. Gwamnatin Jiha ta ba da injiniyoyi, duba-gari kuma a mayar musu da ƙarfinsu na da. Abin da za a kashe wajen haƙa tafki bai kai na jinyar annoba ɗaya ba, rigakafi kuwa ya fi magani.