Tsohon Jirgin Faiba: A Gyara Shi, Amma a San Abin da Ake Gyarawa

Tun bayan kafa ma'aikatar kula da harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a 2023, ministanta Adegboyega Oyetola ya sha kiran jihohi da su yi ban kwana da kwale-kwalen katako, su rungumi na faiba da na alminiyam. Kiran yana da dalili. Har yau Bagwai ba ta manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a madatsar Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Sai dai sayen jirgi aikin yini guda ne, riƙonsa kuwa aikin shekaru. Masuncin Gwaram da ke neman abinci a Kogin Bunga, ko takwaransa na ƙasar Birnin Kudu, da wuya ya iya sayen sabo dal. Wanda zai zo hannunsa tsoho ne, na hannu, wanda rana ta dafa. Makomar wannan sauyi tana hannun mai gyara.

Faiba zaren gilashi ne da ake shimfiɗawa hawa-hawa, a jiƙa shi da wani danƙo mai suna rezin, a ɗiga masa sinadarin da ke sa shi daskarewa. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, kuma bai kai katako nauyin ɗauka ba. Amma akwai wani hali nasa da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ciniki: ya fi ruwa nauyi. Mafi yawan kwale-kwalen katako, ko sun cika da ruwa, sukan tsaya a sama, wanda ya faɗa ya sami abin kamawa. Jirgin faiba in ya cika, ƙasa zai yi, sai fa in akwai soso ko rufaffun akwatunan iska da maƙerinsa ya ɓoye a ƙarƙashin kujeru da daɓe. Lissafin mai sauƙi ne: lita ɗaya ta iska tana ɗaga kimanin kilo ɗaya.

A nan haɗarin gyaran ganin dama yake. Masunci na son fili don taru da kwandon kifi, sai ya ɓalle kujerun, ya yashe soson da ke ciki. Ya sami fili, ya kuma zubar da abin da zai ceci ransa. Kujerun nan su ne ke riƙe da haƙarƙarin jirgin, don haka cire su na sa gefunan su yi laushi. In soson ya sha ruwa, a musanya shi da sabo, ko a ɗaure rufaffun jarkoki tamau a gurbinsa. A kiyayi farin soson kwalin firji, domin rezin na gama-gari narkar da shi yake yi.

Kafin a taɓa komai, a bi jikin jirgin da ƙotar guduma ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara garau, lafiya lau. Inda ya yi dum, hawa-hawan sun rabu. Wurin da ya fi cin amana shi ne bangon baya, inda ake rataya inji, domin yawanci falanki ne a cikinsa aka lulluɓe da faiba. Ruwa kan shiga ta ramin ƙusa, falankin ya ruɓe, waje kuwa yana ƙyalli. Irin wannan bango fenti ba ya yi masa magani, sai an fasa an sake falankin.

Facin huda ma yana da ƙa'ida. Ana goge bakin ramin ya yi gangare mai faɗin kusan ninki 12 na kaurin jikin, a bari ya bushe ƙayau, sannan a jera zaren hawa-hawa ana matse iska. Yanayinmu ya taimaka: rani da hunturu lokacin bushewa ne, kuma lokacin da Bunga kan ja baya ya bar yashi. Sai dai zafin Afrilu na daskarar da rezin tun yana cikin kwano, saboda haka a dama kaɗan-kaɗan, da sassafe, a inuwa, da takunkumi a hanci.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala, alhali kafintan kwale-kwale na bakin kogi, rezin kuwa sai an je Kano? Magana ce mai nauyi. Akwai tsohon jirgin da kuɗin gyaransa ya zarce darajarsa, kuma barinsa shi ne hankali. Amma manyan itatuwa na ƙara wuya, katakon ma daga nesa ake kawo shi, kuma jirgin faiba da aka gyara da kyau yakan daɗe fiye da na katako. Gwanintar ba baƙuwa ba ce: masu gyaran jikin mota a biranenmu suna aiki da kayan nan kullum. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da kafintocin jirgi da sarakunan ruwa, waɗanda suka san halin kogi.

Wannan aikin gwamnatin Jigawa ne da ƙananan hukumomi. Duk kasafin da aka ware don sayen jirage, a cire wani kaso don horar da masu gyara, da taimakon kwalejojin kamun kifi na tarayya irin ta New Bussa. A kuma kafa sharaɗi guda kafin gyararren jirgi ya fara aiki: a kai shi wuri marar zurfi, a cika shi da ruwa a gaban sarkin ruwa. In ya tsaya a sama, a rubuta iyakar nauyin da zai ɗauka a jikinsa, a sallame shi. In ya nutse, gara ya nutse a ranar, babu kowa a ciki.