Sayen Jirgin Yaƙi Ba Wuya, Riƙon Injinsa Shi Ne Aiki

Duk direban da ke jigilar shanu daga Arewa zuwa Ikko ya san akwai ranar da tilas a sauke injin mota a yi masa garambawul. To, haka jirgin yaƙi yake, sai dai shi ba a jira sai ya fara hayaƙi. Ƙidaya ake yi. Kowace awa da ya yi a sama rubuta ta ake yi, in adadi ya cika a cire injin ko da lafiyarsa lau.

Dalili kuwa shi ne zafi. Ƙananan fikafikan da ke juyawa cikin injin suna aiki ne cikin wutar da ta wuce digiri 1,000. Duk sa'ad da matuƙi ya ba da wuta ya kuma rage, ƙarfen ya buɗe ke nan ya tsuke, har wata rana ya tsage. Shi ya sa Amurkawa ke ƙirga wannan hawa da sauka. Kamfanin Pratt & Whitney ya gyara injin F100 na jirgin F-16, ya tsawaita wa'adin kai shi babban gareji daga zagaye 4,300 zuwa 6,000.

Tarayyar Sobiyat kuwa wata hanya ta bi. Injinanta masu araha ne, amma ba su daɗewa, kuma galibi sai an mayar da su masana'anta. Da Jamus ta haɗe a 1990, ta gaji jiragen MiG-29 guda 24 daga Jamus ta Gabas. Sai ta rage wa injinansu ƙarfi don su ƙara kwana. Daga baya Rasha ta ƙera RD-33MK mai rayuwar awa 4,000.

Mu ma nan mun ɗanɗana. Nijeriya ta sayi MiG-21 a 1975, ta karɓi Jaguar 18 daga Ingila wajen 1984. Ba a yi shekara goma ba aka jingine Jaguar ɗin nan, ba don abokan gaba sun harbo su ba, sai don rashin kuɗin kula da su.

A 2021 mayaƙan samanmu sun karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan. Injinsu RD-93 na Rasha ne, ƙasar da Turawan Yamma suka ƙaƙaba wa takunkumi mai tsanani tun 2022. Wato lafiyar jirgin tana rataye da siyasar ƙasashen da ba mu da iko a kansu.

Wannan magana ta shafe mu, jama'a. Jirgin da ke kwance a Makurɗi yana jiran inji ba zai kare ƙauyukan da muka baro iyayenmu a Zamfara ko Borno ba. Saboda haka in Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sayen sababbin jirage, ya kamata wakilanmu a Majalisa su yi tambaya uku: awa nawa injin zai yi kafin garambawul, a ina za a yi shi, kuma an ware kuɗinsa? Wanda ya sayi doki bai tanadi ciyawa ba, ai bai gama ciniki ba.