Emilia: Matar Da Ta Tona Asirin Iago

Duk wanda ya karanta wasan kwaikwayon Othello, wanda William Shakespeare ya rubuta wajen shekarar 1603, ya kan tuna da Othello mai kishi, da matarsa Desdemona, da Iago munafuki. Ba safai a ke tuna Emilia ba, matar Iago, mai yi wa Desdemona hidima. Wannan kuwa rashin adalci ne.

Ita ce ta tsinci hankicin uwargijiyarta a tsibirin Kubrus, ta miƙa wa mijinta don ta faranta masa rai. Da Desdemona ta shiga cigiya, Emilia ta yi gum. Da wannan ƙyalle ne Iago ya sa Othello ya gaskata cewa matarsa tana cin amanarsa da Cassio, har ya kashe ta.

Amma kuma ita ce ta fasa ƙwai a gaban manyan Venis. Mijinta ya umurce ta da ta koma gida, ta ƙi, ya soke ta har lahira.

Saboda haka ya kamata malamai su tsaya a kanta sosai. Gaskiyar da ta faɗa ta wanke mamaciya, amma da ta faɗe ta da wuri, da rai ta ceta.