Sanarwar Bayan Taro: Baƙon da Ya Zo da Sana'a, Wa Zai Bar wa Ita?

Ƙungiyarmu, wadda ta haɗa masu asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu, da masu makarantu, da masu ƙananan masana'antu mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni, ta yi zama na musamman ranar Asabar da ta gabata a wani zauren taro da ke Titin Kotu. An buɗe da addu'a da misalin ƙarfe goma na safe, aka tashi sallar Azahar aka dawo, ba a watse ba sai da aka kira La'asar. Mambobi sun zo daga Darmanawa, Daurawa, Babban Giji, Unguwa Uku da Hotoro, har da waɗanda injinansu ke Sharaɗa da Challawa amma a nan suke kwana. Abin da ya tara mu shi ne takardun izinin aiki da na zama da ake nema wa ƙwararrun da muke ɗaukowa daga ƙasashen waje: likitan fiɗa, mai gyaran injin wankin ƙoda, injiniyan injin roba, malamin kimiyya.

Taro ya fara da tuna wa kansa cewa Kano ba ta taɓa ƙyamar baƙo mai sana'a ba. Wangarawa sun zo da ilimi a zamanin Sarki Yaji, Shehu Magili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa, kuma sunayen unguwanni irin su Tudun Nufawa da Zangon Barebari shaida ne har gobe. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, malamai daga Sudan aka ɗauko suka kafa makarantar shari'ar da ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Wani dattijo a cikinmu ya ce shi da tsararsa a hannun Indiyawa da 'yan Pakistan da Misirawa suka koyi lissafi da kimiyya a sakandare. Abin da ya lura da shi, in ji shi, shi ne dukan waɗannan baƙi an san su ne da almajiran da suka bari. Wannan magana ta dattijo ita ta zama ma'aunin duk abin da aka tattauna bayanta.

Sakatare ya bi da mambobi matakan da doka ta shimfiɗa, domin da yawa ba su san su ba sai ta bakin dillalai. Kamfani ne ke fara neman kota daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wato adadin guraben da aka yarje masa ya cike da baƙi, kowane gurbi da sunan muƙaminsa. Da wannan takarda ma'aikacin zai nemi bizar shigowa aiki, idan ya sauka kuma a daidaita zamansa a Hukumar Shige da Fice cikin kwana 90, a ba shi katin CERPAC, wanda shi ne izinin zamansa. Likita sai ya yi rajista da majalisar likitoci ta MDCN kafin ya taɓa majiyyaci, injiniya kuma da COREN. Wanda zai zo ya kafa inji ko ya gyara ya koma, izinin aiki na wucin gadi ake nema masa. Tushen takardun kota, biza da izinin zama shi ne Dokar Shige da Fice ta 2015, kuma daga watan Mayu na 2025 gwamnati ta mayar da neman biza da yawancin waɗannan takardu kan intanet. Taro ya yi maraba da wannan sauyi, don duk abin da zai rage zarya zuwa Abuja da kwana a masauki alheri ne gare mu.

Inda aka daɗe shi ne maganar kuɗi. A ƙarshen 2018 aka ninka kuɗin katin CERPAC daga dala 1,000 zuwa dala 2,000 a shekara. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan kuɗi bai kai naira miliyan ɗaya ba. Da dala ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, kati ɗaya ya koma wajen miliyan uku, alhali ba a ƙara ko sisi a kan takarda ba. Mu kuwa da naira majiyyaci ke biyan mu, da naira uba ke biyan kuɗin makarantar ɗansa. Kamfanin mai da ke Fatakwal da dala yake ciniki, amma kuɗin da zai biya wa ma'aikacinsa shi ne dai wanda asibiti mai gado ashirin a Gyadi-Gyadi zai je kasuwar canji ta Wapa ya haɗo. A cikin wannan hali ne aka ƙaddamar da harajin ɗaukar ma'aikata baƙi a ƙarshen Fabrairun 2024, dala 15,000 a shekara kan darakta, dala 10,000 kan sauran ma'aikata. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu suka yi caa, aka dakatar da shi cikin makonni biyu. Dakatarwa aka yi, ba sokewa ba, shi ya sa har yau mai son ƙulla yarjejeniyar shekara uku da wani ƙwararre yake yi da ɗar-ɗar.

Wata Hajiya mai ɗakin wankin ƙoda ta nemi izinin magana, ta ce: "Ranka ya daɗe shugaba, ni ba lissafi na zo da shi ba, abin da na gani zan faɗa." Ɗaya daga cikin injinanta uku ya tsaya, kamfanin da ya ƙera shi ya ce sai ma'aikacinsa ne zai buɗe shi, in ba haka ba garanti ya faɗi. Aikin kwana biyu ne. Ta damƙa neman izinin a hannun wani dillali da ya ce yana da hanya, ya karɓi kuɗi, kullum sai ya ce gobe. Mako shida injin yana lulluɓe da farin zani a kusurwar ɗaki. Akwai wani tsoho da 'ya'yansa ke kawo shi daga ƙauye sau biyu a mako a bayan a-daidaita-sahu, ƙafafunsa a kumbure. Dole ta mayar da shi sau ɗaya. Ta ce ranar da ta gaya wa babban ɗansa, bai ce komai ba, ya dai cire hularsa ya riƙe a hannu yana kallon injin. Zauren ya yi tsit. Da aka duba takardunta a wurin, sai aka ga dillalin bai ma shigar da buƙatar ba.

Taro ya lura cewa maganar ƙwararrun lafiya ta fi ƙarfin a ce ana fifita baƙo a kan ɗan gida. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar. Mu maƙwabtan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, wanda aka kafa a 1988, inda aka fara dashen ƙoda tun 2002. Likitocinsa a unguwanninmu suke haya, a masallatanmu suke salla, muna kuma ganin yadda ake sallama da su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi Saudiyya, wancan Ingila. Ƙasashen da ke kwashe su sun sauƙaƙa musu hanyar shiga. Ƙasar da rijiyarta ke ƙafewa haka bai kamata ta tsaurara wa mai kawo mata ruwa ba, musamman a fannonin da kowa ya san babu isassun hannaye.

Sai dai taro bai tsaya kan kukan masu ɗaukar aiki ba, kuma bai kamata ya tsaya ba. Sharaɗin kota shi ne kowane gurbin baƙo a haɗa shi da 'yan ƙasa biyu masu koyo a ƙarƙashinsa, domin wata rana su gaje shi. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5, wanda Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Fabrairun 2018, ya hana ba da biza ga baƙon da ake da masu irin ƙwarewarsa a gida. A takarda abin ya yi kyau. Wani matashi mai digirin injiniya, wanda ɗaya daga cikin mambobi ya gayyato, ya miƙe ya ce: "Baba shugaba, shekara shida sunana yana cikin takardar da ake aikawa a matsayin mai koyo. Sunana ne ya koyi aikin, ni ban koya ba." A wata masana'antar roba yake. Ya ce akwatin sarrafa injin da lambar sirri yake, baƙon ne kaɗai ya san ta, idan zai saita kuma sai ya aike shi ɗauko wani abu a sito. Littafin injin ma a kulle yake a durowa. Ranar da baƙon ya tafi hutu ƙasarsu, inji ya tsaya kwana tara, ma'aikata arba'in suna zaune a gindin bishiya ba albashi.

Wannan magana ta taɓa mu fiye da ta kuɗi, don laifin a gidanmu yake. Akwai masu kamfanin da ke jin daɗin haka, suna ganin ɗan gida idan ya iya zai nemi ƙarin albashi ko ya buɗe nasa. Akwai kuma baƙon da ya san ranar da ya koyar, ranar ce kwantiraginsa ya fara ƙarewa. Idan ba a sa ido ba, su biyun sun yi daidai, yaro ne ke asara. Wani mamba mai masana'antar takalma ya ba da nasa labarin: tun ranar farko ya rubuta a yarjejeniya cewa kashi na ƙarshe na ladan injiniyansa ba zai fita ba sai yaransa biyu sun kwance injin sun ɗaura a gabansa. Cikin wata goma sha takwas suka yi. Injiniyan ya tafi da mutunci, har yau suna gaisawa ta waya, yaran kuma su ake kira gyara a wasu masana'antun.

An kuma taɓo masu shigowa da kotar ƙwararru su ɓuge da kasa kaya. Mambobi sun tuna yadda a 2012 jami'an shige da fice suka kama 'yan kasuwar Sin a Kantin Kwari kan harkar atamfa. Matsayin taro shi ne wanda aka ba izini a matsayin injiniya ya yi injiniyanci. Wannan ne ma zai kare mutuncin ƙwararrun gaskiya.

Da farko baki bai zo ɗaya a kan harajin 2024 ba. Wasu, galibi matasan cikinmu, suna ganin a dawo da shi, domin sai abu ya yi tsada mai kamfani zai waiwayi ɗan gida. Masu asibitoci da makarantu suka ce hakan zai kashe ƙanana ne ya bar manya, tunda dala 10,000 ba komai ba ce a wurin mai haƙar mai. An kai ruwa rana, daga bisani aka tsaya a kan cewa in har za a ɗora wani haraji, a ɗora shi kan gurbin da aka yi ta sabuntawa shekara da shekaru ba tare da an yaye ko mutum ɗaya ba.

Maganar 'yan'uwanmu na Nijar ta zo daga baya, amma ta ɗauki lokaci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya zauna kwana 90 ba biza, kuma katin zamansa daban ne da na sauran baƙi, mai sauƙin kuɗi. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso ta tabbata. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an sanar da wani abu, to amma rayuwar mutum ba ta tsayuwa a kan "sai an sanar". A makarantunmu malaman Faransanci da dama daga Maraɗi da Damagaram suke, sun yi aure a nan, 'ya'yansu a nan aka yanke musu cibiya. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa, wanda zai ƙara cuɗanya. Dattawan cikinmu ba su manta korar baƙi ta 1969 a Ghana ba, wadda ta dawo da Hausawa da yawa gida da ƙunshin kaya a ka, ba su kuma manta wadda Najeriya ta yi a 1983 ba. Ba ma fatan malamin da ya karantar da 'ya'yanmu shekara goma ya wayi gari ana tambayarsa katin dala.

A kan haka, taro yana kira ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da ta bambanta kuɗin izinin zama gwargwadon fanni da girman ma'aikata, ta sassauta wa lafiya da ilimi, ta kuma yanke kuɗin da naira ga wanda cinikinsa da naira ne. Yana kira da a buɗe hanyar gaggawa ta kwanaki ƙalilan ga mai zuwa gyaran na'urar asibiti. Mafi muhimmanci a wurinmu, kada a sabunta kota sai jami'i ya zo har bakin inji ko ɗakin tiyata ya ga mai koyo yana aikin da hannunsa, a kuma saurare shi shi kaɗai ba a gaban maigidansa ba. Gwamnatin Tarayya kuma ta fito fili ta faɗi matsayin 'yan Nijar da ke aiki a nan, ta bar su a kan sauƙin da suke kai. Muna roƙon wakilanmu a Majalisar Tarayya su ɗauki waɗannan batutuwa.

A namu ɓangaren, mambobi sun ɗauki alkawarin daina bi ta hannun dillalai. Ofishin sakatare zai ware ranar Laraba don taimaka wa duk mai son cike takardunsa a intanet da kansa. Kowane mamba mai ma'aikaci baƙo zai kawo wa ƙungiya sunayen masu koyonsa da lokacin da ake sa ran yaye su, kuma duk sabuwar yarjejeniya za ta ƙunshi sharaɗin miƙa lambobin sirri da littattafan inji. An naɗa kwamitin mutum biyar, ciki har da Hajiyar da matashin da suka yi magana, su zagaya wuraren mambobi su kawo rahoto a zama na gaba, bayan wata uku, a Unguwa Uku. Mai masana'antar takalma ya ce matashin ya zo wurinsa ranar Litinin yaransa su fara nuna masa saitin inji.

An rufe taro da addu'a.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare